Hanyar da Suka Kashe Mini

Mu huɗu muka bar ƙauyenmu na ƙasar Roni ranar wata Litinin bayan sallar asuba, kuma ni na tara mu. Wannan nake so a fara sani. Ba wanda ya roƙe ni, da ƙafata na bi gida-gida na kira su.

Shekarar da ta biyo bayan babban farin nan ce, wanda ya kashe shanu. Naira ba ta daɗe da fitowa ba, tsofaffi suna ta faɗa da ita, rediyo kuwa kullum zancensa arzikin man fetur. Mu dai arzikin bai biyo ta hanyar garinmu ba. A gidanmu har geron da aka ajiye don shuka sai da muka taɓa, mahaifina ya daina zama a ƙofar gida don kada a tambaye shi ya iyali. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, na gama firamare, takardar shaidar tana naɗe cikin gwangwani, ba ta taɓa tsinana mini komai ba.

Ana nan sai saƙo ya zo daga kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda yake gadi a sansanin masu aikin sabon titi can wajen Babura. Wani mai tallar kanwa ya kawo saƙon da baki. Ranar Alhamis da hantsi za a rubuta sababbin leburori, wanda ya yi ƙwazo kuma daga baya a koya masa tuƙi. In zo in tsaya a layi, shi zai nuna ni ga heluma, wato shugaban leburori. Aikin nan shi ne abin da zai riƙe gidanmu har sabon gero ya nuna, ba mu da wani. Saƙon bai ce in zo da kowa ba. Bai kuma hana ba, ni kuwa a lokacin bakina ba ya iya riƙe labarin alheri.

Na fara da aminina. Rana ɗaya aka yi mana kaciya, zana ɗaya ta raba gidansu da namu, mahaifiyarsa Inna nake ce mata kamar yadda yake ce wa tawa. Siriri ne, ba ƙarfi sai wayo da daɗin baki. Sai ɗan maƙerin garinmu, ƙato, wanda in ya yi dariya har a masallaci ana ji. Na ukun Bafulatani ne, iyayensa sun zauna a gefen gari suna noma tun da shanunsu suka ƙare. Shi ba ya magana sai ta kama, in ta kama ɗin ma sai ya rage.

Kuɗin motar mutum huɗu ba mu da shi, don haka muka ce mu bi kogin Gari da ƙafa. Kwana uku ne ga mai lafiya. Bazara ce, kogin ya zama rairayi fari fat, amma wanda ya bi gefensa ba ya mutuwa da ƙishirwa, ko'ina ka tona kamu biyu sai ruwa ya tsattsafo. Ga inuwar gawo da ta kanya, ga 'yan lambu.

Ni dai ba mai lafiya ba ne. Kurkunu ya fasa mini a idon sawun hagu kwana huɗu kafin tafiyar. Yaran yanzu ba su san shi ba, Allah ya kiyashe su. Tsutsa ce fara doguwa da take fitowa daga jikin mutum, a naɗe kanta a tsinke, kullum a murza kaɗan. Ba a yi mata gaggawa, in ta tsinke a ciki ƙafa ta kumbura kenan. Mahaifiyata ta ce in haƙura. Na ce Alhamis ba za ta jira ƙafata ba. Aminina ya ce mata, “Inna, ku kwantar da hankalinku, ni zan riƙa murza masa.” Kuma ya murza ɗin. Kowace safiya zai durƙusa ya ɗora sawuna a kan cinyarsa, ya jiƙa wurin da ruwan gora, ya juya tsinken a hankali yana tsokanata wai ni da tsutsata za a rubuta, a biya mu albashin mutum biyu.

Ranar farko daɗi muka ji, ba zan yi musu ƙarya ba don daga baya sun ɓata mini. Mun wuce masu lambu suna ban ruwa da jigo, wani dattijo ya ba mu albasa da tumatur muka haɗa da ƙuli-ƙuli. Ɗan maƙeri ya ɗauki kayana ya haɗa da nasa, yana tafe yana kirana akawu. “Akawu, in ka hau kujera kada ka ce ba ka san mu ba fa.” Bafulatanin ya yanko mini sandar marke ya fere ta, ya miƙo mini. Da azahar muka kwanta a ƙarƙashin wata tsamiya muna rabon motocin da za mu tuƙa. Aminina ya ce shi babbar tifa yake so, ɗan maƙeri ya ce ai ƙafarsa ba za ta kai birki ba sai an ɗaura masa turmi.

Da yake ni ne mai jan ƙafa, sau da yawa sukan yi gaba su bar ni ina binsu. Wannan bai dame ni ba, saboda akwai al'adar matafiya da kowa ya tashi da ita a ƙasarmu. In abokan tafiya suka rabu, na gaba su ke kashe wa na baya hanya. Duk inda hanya ta rabu biyu, sai a karyo ɗanyen reshe a gicciye shi a bakin wadda ba a bi ba. Na baya in ya iso ya ga reshe, ya san wannan matacciya ce, sai ya bi ɗayar. Ba a wasa da abin nan. Yaro mai ƙiriniya ma in ya ga reshe a gicciye ba ya taɓawa, makiyayi yakan kaɗa shanunsa su kauce masa. Ƙarya da baki kullum ana yi, amma har na girma ban taɓa jin wanda ya yi ƙarya da reshe ba. Ranar Litinin ɗin nan sau uku suka kashe mini hanya da ganyen sabara, sau uku ina tarar da su a gaba suna jirana.

Ranar Talata muka wuce ta kusa da Kazaure, muna hango duwatsunta. Mun faɗa wani ƙauye a bakin kogi, kasuwarsa tana ci. Ni na zauna a inuwa na miƙe ƙafa, su uku suka shiga sayo mana rogo. Sun daɗe. Da suka dawo ɗan maƙeri ba ya dariya, aminina kuwa surutunsa ya yi yawa, yana ta ba ni labarin wani mai wasa da kura da ya gani. Na ɗauka gajiya ce da zafin rana. Wawa ne ni a lokacin, kuma na fi son in faɗa da bakina kafin wani ya faɗa.

Laraba da safe ƙafar ta ɗan tasa. Aminina ya murza tsinken kamar kullum, ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya ce, “Mutumina, da wannan tafiyar taka ba za mu kai yau ba. Bari mu yi gaba mu isa wurin Kawu, mu gaya masa kana tafe, mu kama maka wuri a layi. Kai ka taho a hankali, ko da magariba ka iso ai ka iso.”

Na ce, “Ban san hanyar can ba fa.”

“Haba, sai ka ce ba mu. Duk inda ta rabu za mu kashe maka.”

Na dubi sauran biyun. Ɗan maƙeri yana ɗaure igiyar takalminsa, Bafulatanin yana kallon kogi. Na ce to, Allah ya kai ku lafiya, ku gaishe da Kawu. Har godiya na yi musu.

Bayan azahar na iso inda kogin kansa ya rabu biyu. Ƙasar can shimfiɗaɗɗiya ce, rairayin ya yi hannu biyu, ɗaya ya miƙe gabas, ɗaya ya karkata arewa, kowanne da 'yar hanya a gefensa. Mashayar shanu ce, kofato ya tattake wurin kaf, ba sawun mutum da za ka iya bi. Amma ga reshen sabara ɗanye shar a gicciye a bakin ta gabas. Na tsaya jim, don a raina Babura gabas take. Sai na ce kogi ai yana lanƙwasa, su da suka yi gaba sun tambayi mutane. Na bi ta arewa.

Na yi tafiya mai ɗan nisa raina bai kwanta ba. Har na fara tunanin in juya in sake dubawa, sai ga wata ƙaramar hanya ta ɓalle ta dama, a bakinta kuma ga wani reshen sabara, ɗanye, an gicciye shi tsaf. Wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai. Na ce ka ji mutanen kirki, ko wannan 'yar siririyar ba su bari ta ruɗe ni ba. Na yi musu addu'a da babbar murya a cikin dajin nan, na ƙara sauri, ina dogara sandar da aka fere mini.

Daga nan ban sake ganin reshe ba, ban kuma damu ba. Lambuna suka ƙare, rairayin ya riƙa tsukewa, goruba ta yi yawa. Rana ta yi ja na isa wata ruga. Wata tsohuwa tana ɗaure maruƙa, na gaishe ta na ce, “Inna, sansanin masu titi saura nisa?”

Ta dube ni daga sama har ƙasa. “Wane titi, ɗan nan? Nan gaba kaɗan ai iyakar ƙasa ce, da kuɗin sefa ake ciniki. Babura ka baro ta can, tun inda ruwa ya rabu.”

Na ce ba zai yiwu ba, abokaina sun kashe mini hanya. Ta ce ita dai tun safe tana nan, ba baƙon da ya wuce. Mijinta ya fito ya ce in kwana, ƙafar nan ba za ta koma yau ba, yankan daji kuma ga wanda bai san wurin ba ɓata ne. Sun ba ni nono da dambu. Matar ce ta murza mini tsinken washegari, hannunta ya fi na aminina nauyi.

Da asuba na juyo. Duk hanyar nan ina nema musu uzuri. Na ce iska ce ta ɗauke reshen ta mayar wancan gefen. Na ce wasu matafiya ne daban suka kashe wa nasu mutumin, ni na faɗa a kai. Har na ce watakila su ma ɓata suka yi. Na iso reshe na biyu, na 'yar siririyar hanyar, ya fara yaushi. Na tsuguna na duba. A nan shanu ba su bi ba, rairayin lumui yake. Ga sawuna na jiya, da ramin sandata a gefe. Ga kuma sawun wani mutum guda, takalmin taya, ya zo daga kudu, ya tsaya daidai kan reshen, ya juya ya koma inda ya fito.

Na daɗe a tsugune. Wato mutum ya baro hanyarsa, ya biyo wadda ya san ba ita ba ce, ya yi tafiya a cikin ranar nan, don kawai ya ajiye mini reshe na biyu ya koma. Na farkon ana iya cewa kuskure. Wannan kuwa aiki ne, an zauna an tsara shi. Sai wani irin baƙin ciki ya taso mini. Abin da ya fi ci mini rai addu'ar nan da na yi musu jiya a daidai wurin.

Hantsi ya same ni a mararrabar. Na tsallake reshen na bi ta gabas, ko taku ɗari ban yi ba sai ga sawun mutum uku a jere. Na san a daidai lokacin ake rubuta sunaye. Duk da haka ban tsaya ba, ban san me nake bi ba kuma, ƙafar tana zogi ina jan ta.

La'asar sakaliya na isa sansanin. Kawu yana bakin ƙofa a kan benci, da ya gan ni sai ya miƙe zumbur.

“Kai! Daga ina? Ba cewa aka yi ka koma gida ba?”

“Wa ya ce, Kawu?”

“Abokanka mana. Jiya da yamma suka iso, suka ce ƙafa ta kayar da kai tun Kazaure, kai ka ce su zo a madadinka. Ni da kaina na kai su gaban heluma.”

Shi ya warware mini sauran. Ashe mutum uku-uku ake ɗauka daga ƙasar kowane dagaci, kuma mai takardar makaranta shi ake fara rubutawa. Kawu bai san da haka ba lokacin da ya aiko. Su kuwa sun ji a kasuwar nan ta ranar Talata, daga bakin waɗanda suka dawo daga sansanin. Mu huɗu ne, gurbi uku. Da a ce na iso tare da su, ni ne na farko, ɗan maƙeri ƙarfinsa ya ishe shi, Bafulatanin dogo ne mai jimiri. Wanda zai koma gida a bayyane yake.

Na gaya wa Kawu abin da ya faru. Ya yi salati, ya tafi wurin heluma, bai jima ba ya dawo yana girgiza kai. An rufe, an aika da sunaye, sai dai wani karon, wani karon kuma ba wanda ya san ranarsa.

Na same su a bayan sansanin ƙarƙashin gawo, suna cin shinkafa da wake a kwano ɗaya. Ɗan maƙeri ya gan ni, loma ta tsaya masa a hannu. Bafulatanin ya tashi ya yi nesa ya juya mana baya. Aminina ne kaɗai ya iya buɗe baki.

“Sannu da hanya. Ya ƙafar?”

Na ce, “Wa ya sa na biyun?”

Suka dubi juna.

“Ba na farkon nake tambaya ba. Na biyun, wa ya sa?”

Aminina ya sunkuyar da kai. “Ni ne.”

“Don me?”

“Na san halinka. In ba ka ga wani ba za ka yi shakka, ka juyo da wuri.”

Kowa a garinmu ya san ina da zuciya, na taɓa fasa wa mutum baki a kan abin da bai kai wannan ba. Ga sanda a hannuna. Amma maganar nan ta kashe mini jiki, domin gaskiya ya faɗa, saura kaɗan in juya. Ba wanda zai iya yi mini wannan sai wanda ya san ni ciki da bai. Ya ci gaba da magana, wai ni ina da takarda, ko'ina na je za a ɗauke ni, shi kuwa in ya koma hannu wofi me zai ce wa Inna. Wai sun san akwai ruga a can, ba zan kwana da yunwa ba. Ɗan maƙeri ya matso da kwanon gabana ya ce, “Ci mana.” Ban ci ba, ko da yake hanjina kamar zai tsinke.

Na juya zan tafi, sai aminina ya biyo ni da sauri. Na ɗauka gafara zai nema. Ya rage murya ya ce, “In ka isa gida, don Allah ka gaya wa Inna na samu.”

Daga baya ya zama direba kamar yadda ya so, har Makka ya je. Muna haɗuwa wurin jana'iza da ɗaurin aure, mu gaisa, ya tambayi iyali in tambayi nasa. Sau biyu ya aiko manya su ba ni haƙuri, na ce na ji. Amma ban sake sa hannu a kwano ɗaya da shi ba, kuma ba zan ɓoye ba, har yau in na tuna raina ɓaci yake. Aikin ban fi shekara ina jin zafinsa ba. Cin amanar ce ba ta huce ba.

Kawu ne ya sa ni a motar da za ta Kazaure ranar Juma'a, daga can na samu ta 'yan kasuwa zuwa Roni, na ƙarasa da ƙafa. Na so in zagaya ta bayan gari in shige gidanmu ba wanda ya gan ni, amma ƙofarmu da tasu a jere suke. Inna, mahaifiyar aminina, tana bakin zaure tana tsince wake. Ta watsar da faifan ta taso.

“Lale, lale! Ina ɗan'uwan naka?”

Na durƙusa na gaishe ta. Duk hanya na shirya abin da zan faɗa mata, kalma bayan kalma. Na ɗaga kai na ga yadda ta rame, zanen jikinta duk faci, tana kallon bakina.

Na ce, “Ya samu, Inna. Ya ce in gaya muku ya samu. Su uku duka.”

Ta rangaɗa guɗa, mata suka fara leƙowa. Ta shige ciki da gudu ta fito da ƙwaryar fura, na san ita ce abincinta na ranar, ta danƙa mini. Sai a lokacin ta lura.

“To kai fa, ɗana?”

“Ƙafa ce, Inna. Ban kai da wuri ba.”

“Allah sarki. Wani rabon yana gaba. Amma dai sun kula da kai a hanya ko?”

“Sun kula, Inna.”

“Ai na sani,” in ji ta. “Shi ba zai bar ka ba.”

Na shanye furar nan tas, domin yunwa nake ji. Na miƙa mata ƙwaryar na yi godiya, na dogara sandata na shiga gidanmu. Mahaifina yana zaune a gindin rumbu, ya ji guɗar, ya ɗago kai yana murmushi.